Darasi Daga Kadawa: Yadda Uwargida Za Ta Riƙe Kuɗin Sana'a Ko Ba Ta Yi Karatun Akanta Ba

 

Idan kin taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe ko'ina ya yi fari, na san kin lura cewa da zarar mota ta doshi Kura sai ido ya huta. Dama da hagu kore ne shar: shinkafa, alkama, masara, albasa da tumatir. Wannan shi ne yankin Kadawa, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwan da ke shayar da shi daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ke kula da rabonsa. An tsara kashin farko na aikin ne domin shayar da kimanin hekta 22,000.

Maza ake gani a gonakin, amma da zarar shinkafa ta bar gona, hannun mata take faɗawa. Su ke jiƙa shanshera, su turara, su shanya, a kai injin casa, a dawo su sheƙe su auna. Da sana'ar ta bunƙasa sai mata suka riƙa haɗa kai suna kafa ƙungiyoyi, a tara jari wuri guda a ɗora wata a kai. Yawanci wadda aka fi yarda da amanarta ake zaɓa, ba a tambayar ko ta taɓa zama a ajin lissafi. Wata kuma maigida ne ya rasu ya bar mata inji da ma'aikata da marayu. Dare ɗaya ta wayi gari ta zama manaja.

To uwargida, idan ke ce, ko kuma kina riƙe da wata sana'a ta haɗin gwiwa a garinku, da ke nake magana. Amana ita ce tushe, amma mace mai gaskiya tana iya karya jarin mutane ba tare da ta ci ko sisi ba, a zo ana yi mata kallon maciya amana, zumuncin shekaru ya lalace. Abin da ke jawo haka sau da yawa rashin sanin wasu tambayoyi ne guda biyar. Su ne ginshiƙin abin da ake koya wa manajojin manyan kamfanoni game da kuɗi, kuma babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfinki.

Tambaya ta farko: nawa buhu ɗaya ya tsaya mini?

Mu ɗauka ku 20 ne, kowa ta kawo N50,000, jarinku ya zama N1,000,000. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, ke sai ki sa farashin kasuwarku ta yau. Kin sayi buhun shanshera 20 a kan N40,000 kowanne, kuɗi ya kama N800,000. Bayan an gyara, shinkafar da ta fito daga kowane buhu ta ba ki N52,000. Mai saurin murna za ta ce an ci ribar N12,000 a buhu, wato N240,000 gaba ɗaya.

Amma dakata. Itace da ruwa sun ci N1,500 a buhu. Mai injin casa ya karɓi N2,000. 'Yan dako da mota N1,000. Sabon buhu da zare N500. Ladan matan da suka turara suka yi shanya N2,000. Jimla N7,000 ke nan. Ashe buhu ya tsaya miki a kan N47,000, kuma ribar gaskiya N5,000 ce, wato N100,000 a buhu 20. Idan kika raba wa 'yan ƙungiya N240,000 da sunan riba, kin yanki N140,000 daga uwar kuɗi kin raba. Kowa za ta tafi gida tana sa miki albarka, ke ma kina jin daɗi, alhali jarin yana zaizayewa. Bayan zagaye biyar ko shida sai a nemi kuɗin saro a rasa, a nan ne za a fara kallon juna.

Saboda haka kada ki raina ƙananan kashe-kashe. Kuɗin kati da kika kira dillali, kuɗin shara na kasuwa, la'ada, abincin 'yan aiki, duk ki rubuta. Ki kuma auna da kanki ki san kwano nawa na tsabar shinkafa buhu ke ba ki, domin a bisa al'ada kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin shanshera ne ke fitowa shinkafa, sauran ɓuntu ne da dusa. Idan shanyar ba ta yi daidai ba, karyayyiya ta yi yawa a inji, ribarki ce ta karye.

Tambaya ta biyu: ina kuɗin yake?

Nan ne mata da yawa ke ruɗewa, domin riba daban, kuɗin da ke hannu daban. Mu koma kan misalinmu. Kin sayar da kaya na N1,040,000, amma wani dillali ya ɗauki na N400,000 ya ce sai ya dawo daga kudu. A littafi kin ci ribar N100,000. A cikin jaka kuwa N640,000 ce ta shigo, ki haɗa da N60,000 da ta rage tun farko, kina da N700,000. Wannan buhu 14 kawai zai iya saya ya gyara. Tukwane shida sun zauna, matan da ke aiki a kansu sun rasa na cefane, duk da cewa sana'ar riba take yi.

Akasin haka ma yana faruwa. Mai shago ya ba ki kuɗin buhu goma tun kafin ki gyara, jaka ta cika, zuciya ta ce an samu. Wannan kuɗi ba naku ba ne tukuna, nauyi ne a wuyanki har sai kin kai masa kayansa.

Abin da ya kamata ki sa wa ido shi ne sau nawa jarin ke juyawa. Idan kika sayar kuɗi hannu a kan N51,000, ribarki N4,000 ce a buhu, N80,000 a zagaye. In kina juyawa duk mako, a wata kin sami N320,000. Idan kuwa kika ba da bashi a kan N53,000 sai bayan wata guda, ribar N6,000 ce a buhu, amma N120,000 kacal za ki gani a watan, in ma an biya ke nan. Ƙaramar riba mai dawowa da wuri ta fi babba mai kwana a aljihun wani.

Ba na ce ki daina ba da bashi gaba ɗaya ba, Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa. Amma ki sa masa iyaka, misali kada abin da kuke bi a waje ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na jari. Ki rubuta suna da adadi da ranar biya, da shaidu. Kada kunya ta hana ki, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Tambaya ta uku: me muka mallaka, me ake bin mu?

A ƙarshen kowane wata ki sami takarda ki ja layi a tsakiya. A dama ki jera duk abin da sana'ar ta mallaka: kuɗin hannu, na banki, shanshera da shinkafar da ke ɗaki bisa farashin da suka tsaya miki, bashin da kuke bi wanda kike da yaƙinin za a biya, tukwane, tamfol, ma'auni. A hagu ki jera abin da ake bin ku: mai itace, mai inji, kafin alƙalamin da kuka karɓa, rancen da kuka ci. Ki cire na hagu daga na dama. Abin da ya rage shi ne haƙiƙanin dukiyarku. Wannan takarda ita ce manyan kamfanoni ke bugawa duk shekara ga masu hannun jari, bambancin kawai nasu alƙaluman sun fi tsawo.

Sai dai a wannan zamani akwai wani tarko. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kaya sun yi tashin gwauron zabo, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024. A irin wannan yanayi naira tana iya yaudararki. Kun fara da N1,000,000 mai sayen buhu 20 har da kuɗin gyara, shekara ta zagayo kuna da N1,200,000 amma buhu 18 take iya saye. A takarda an ƙaru, a ɗaki an ragu. Don haka ki riƙa auna jarinku da buhu. Kafin a raba riba, a fara tabbatar da cewa kuɗin buhu 20 ɗin nan yana nan daram.

Kuma ki tuna farashi yana sauka kamar yadda yake hawa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu kayan abinci har da shinkafa, kuma a 2025 farashin shinkafa ya sauko. Mai saye da kaka ta ajiye tana jiran tsada ba kullum take dacewa ba. Idan za ku ajiye, ku ajiye da wani kaso, kada ku zuba jarin mutane duka a ɗaki guda.

Tambaya ta huɗu: inji zai biya kansa?

Duk ƙungiyar da ta ɗan ji ƙarfi, magana ta gaba ita ce mu ma mu sayi namu injin casa mu huta da biyan wani. Shawara ce mai kyau idan an yi lissafi. Mu ɗauka injin N1,200,000 ne, kuma zai yi shekara biyar kafin ya gaji. Ke nan duk shekara yana cinye N240,000 na darajarsa, duk wata N20,000. Wannan kuɗi ba wanda zai zo ya ce ki biya, shi ya sa ake mantawa da shi, amma dole ki riƙa ware shi gefe, in ba haka ba ranar da injin ya mutu sana'ar ta mutu tare da shi.

Ki ƙara hayar wuri N15,000, albashin mai tada inji da mai gadi N45,000. Jimla N80,000 duk wata, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Idan ana casar buhu a N2,000, mai da gyara suna cin N1,000, saura N1,000. Sai kun cashe buhu 80 a wata kafin ku fita kunya, na 81 shi ne farkon riba. Tambayar ita ce, kuna da tabbacin buhu 80 har a watannin da shanshera ke wuya?

Kada ki ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai wannan ke kamawa. A Kadawa ɗin nan kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016, mai iya markaɗe tan 1,200 a rana. A shekarar ne tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kaya ya yi wuya ya yi tsada, masana'antar ta tsaya, sai a 2019 ta sake tashi. Ga inji na zamani, ga kuɗi, ga kasuwar Kwanar Gafan a kusa inda ake lodin tumatir zuwa kudu, amma idan abin da injin zai ci bai samu a farashin da ya dace ba, ƙarfe ne kawai a ajiye. Kafin ki sayi inji, ki fara tabbatar da abincinsa.

Tambaya ta biyar: kuɗin wa za mu yi aiki da shi?

A Kadawa idan aka ce kuɗin ruwa, sai ki tambaya wanne. Akwai wanda manomi ke biya don a sako masa ruwa a gona, wannan halal ne. Akwai kuma wanda ake ɗorawa a kan rance, wanda addininmu ya haramta. Alhamdu lillahi, shari'a ba ta rufe ƙofa ta bar mu a waje ba.

Hanya ta farko ita ce ƙara jari daga cikin gida: ku riƙa barin wani kaso na riba, ko da kashi ɗaya cikin uku ne, yana komawa cikin uwar kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta biyu ita ce ƙiradi, wato wani ya ba da dukiya ke ki yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko, rabi da rabi ko yadda kuka shirya. Idan aka faɗi ba da sakacinki ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, ke kuma kin yi asarar wahalarki. Uwar Muminai Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce da ke ba maza dukiyarta su yi fatauci, kuma ta wannan hanya ce ta ga amanar Manzon Allah (SAW) a tafiyarsa ta Sham. Ta uku ita ce cinikin salam, inda za ki biya manomi kuɗi duka tun yanzu, ya kawo shanshera da kaka, da sharaɗin a fayyace iri da ma'auni da lokaci. Ta huɗu ita ce murabaha da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa ke yi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019: su sayi kayan su sayar miki da ribar da kowa ya sani, ki biya a hankali.

Amma ki sani, halaccin ciniki bai ɗauke miki lissafi ba. Kowane wata akwai abin da za ki biya, kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ki kwatanta ribar da bankin ya ɗora da ribar da kayan zai jawo miki. Idan ribarki a wata mafi muni ba za ta iya biyan kason watan ba, ki haƙura tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Raba tukunyar gida da ta sana'a

Duk wannan lissafi zai rushe idan jaka ɗaya ce ke riƙe da kuɗin cefane da na ƙungiya. Yau an ɗauki na anko, gobe na gudummawar biki, jibi yaro ba lafiya, kowanne da niyyar za a mayar. Mafita ita ce ƙungiya ta yanka miki lada bayyananne duk wata, ki san wannan ne naki, sauran amana ce. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe asusun banki da sunanta, ya zama sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Wahalar ƙarancin takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya mana amfanin asusu, kuma banki yana ajiye miki tarihin shige da fice wanda ba ya mantuwa.

Game da maigida kuwa, ki sanar da shi halin da ake ciki tun farko, ki nemi shawararsa da goyon bayansa. Idan wata buƙata ta taso ya nemi rance, ki gaya masa cikin ladabi cewa, "Maigida, wannan na mutane ne, amma ga nawa." In kuwa dole ta sa an taɓa, a rubuta kamar yadda za a rubuta na kowa. Namiji mai hankali zai ƙara ganin girmanki ne. Haka kuma idan shekara ta zagayo a kan dukiyar ciniki kuma ta kai nisabi, akwai zakka ta kashi biyu da rabi cikin 100. Takardar nan ta ƙarshen wata ita za ki ɗauka ki kai wa malami ya duba muku yadda hukuncin ya hau kan rabon kowa.

Ta ina za ki fara?

Ki sayi littafi uku na 'yan makaranta. Na farko na shige da ficen kuɗi na kullum, na biyu na bashi, wanda kuke bi da wanda ake bin ku, na uku na kaya, buhu nawa ya shiga ɗaki nawa ya fita. Idan boko bai zauna miki ba, ki rubuta da ajami, lissafi bai san bambanci ba. Bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta, minti 15 ya ishe ki. Ki ƙirga kuɗin jaka ki gani ko ya yi daidai da na littafi, in bai yi ba ki nemo dalili tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwa. Wayarki tana da na'urar lissafi. 'Yarki ko ɗanki da ke sakandare zai iya zama da ke, ke ki ƙaru da shi, shi ma ya koyi sana'a.

Ranar taron wata kuma, ki karanta wa 'yan ƙungiya lissafin da babbar murya tun kafin a tambaye ki, ki bar littafin a buɗe ga duk mai son dubawa. A zaɓi mata biyu da ba sa taɓa kuɗi su riƙa bin diddigi. Kada ki ɗauki wannan a matsayin zargi, garkuwarki ce ranar da wata za ta yi magana.

Idan kuma jami'in banki ko na gwamnati ya zo da manyan kalmomi, kada ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba. Ki ce masa, "Malam, yi mini bayani da Hausa: nawa za ku ba mu, nawa za mu mayar, yaushe, kuma me zai faru in mun makara?" Matambayi ba ya ɓata. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, karatun allo ya yi, a kasuwa ya koyi sauran.

A nan zan dakata. Allah Ya sa albarka a cikin neman halal ɗinmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.